Daktan da ba ya allura

Tun ranar da labari ya isa gida cewa na kammala digirin digirgir, sunana na yanka ya ɓace a garinmu, na koma "Dakta". Ban yi musu ba, domin na sha wuya kafin in same shi. Abin da ya gagare ni shi ne fahimtar da dangi cewa daktan nawa na ilimin laburare ne da sarrafa bayanai, ba na fiɗa da ɗinki ba. Duk lokacin da na je gida hutu, kafin in gama gaisawa da mahaifiyata, wata gwaggo ta kwance bakin zane ta fito da takardar asibiti a nannaɗe, wani kawu ya miƙo kwalin magani ya ce in duba masa ko na gaske ne. Idan na ce ba fannina ba ne, sai a yi murmushi a ce ƙanƙan da kai ne irin na masu ilimi. Mahaifiyata ce kaɗai ta gane, ita ma sai ta mayar da abin tsokana, ta laƙaba mini "daktan da ba ya allura".

Na shafe shekaru ina ɗaukar wannan a matsayin raha, har zuwa wani dare a daminar 2023. Ina da ƙanwa, 'yar ƙanin mahaifina, malamar asibiti ce a wani ƙauye da ke tsakanin Makarfi da Ikara, a irin asibitin nan da ma'aikaci ɗaya yake zama mai karɓar haihuwa, mai rigakafi, mai ba da magani, kuma magatakarda. Ƙarfe goma sha ɗaya ta gota sai ga kiranta. A gidanmu ba a kiran dare sai da dalili, saboda haka na ɗauka gabana yana faɗuwa.

"Yaya, ka gafarce ni da kiran dare," in ji ta. "An kawo mini wani yaro, ban taɓa ganin irin abin da nake gani ba."

Yaron bai wuce shekara shida ba. Zazzaɓinsa ba mai zafi ba ne sosai, amma wuyansa ya kumbura, ba ya iya haɗiyar ko da ruwa, numfashinsa kuma yana fita da wata ƙara. Da ta haska maƙogwaronsa da tocila sai ta ga wani abu mai ruwan toka ya manne kamar fata. Kakar yaron ta riga ta yanke hukunci cewa beli ne, da safe za a kira wanzami. Ƙanwata ta jefa tambaya a zauren WhatsApp na abokan aikinta. Wani ya ce hangum ne. Wata ta turo saƙon murya ta ce ciwon maƙogwaro ne kawai, a ba shi magani ya koma gida. Wani kuma ya ce ta goge abin da auduga ta gani. Ta ji a rediyo cewa mashaƙo yana kashe yara a Kano, zuciyarta kuma tana raya mata shi ne, amma ba ta taɓa ganin mai mashaƙo ba, a makaranta ko a wajen aiki.

Na ce mata, "Kin san dai ni ba likita ba ne."

Ta ce, "Na sani, Yaya. Ban ce ka gaya mini magani ba. Cewa na yi ka nemo mini inda aka rubuta."

Shekara goma sha biyar ina koya wa ɗalibai ma'anar aikinmu, ban taɓa faɗar ta a taƙaice kamar yadda ta faɗe ta a daren nan ba. Na buɗe shafin Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, wato NCDC, na sami sanarwarta kan mashaƙo, na haɗa da bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya. Na karanta mata layi-layi, ina mayarwa da Hausa inda Turancin ya yi nauyi. Duk mai ciwon maƙogwaro da ke da irin wannan fatar da ta manne, a ɗauka mashaƙo ne har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Kada a kankare ta, domin jini za ta yi. A keɓe mara lafiya, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma nan take, a tura shi inda ake da maganin da ke karya dafin cutar, a kuma bi sawun duk wanda ya yi cuɗanya da shi. Ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Sauran aikin ita ta yi: ta shawo kan kakar, ta tashi jami'in daga barci, aka sami mota kafin asuba. Yaron ya yi makonni a babban asibiti, Allah ya ba shi lafiya. Ba duk yaran da suka kamu a wannan daminar ne suka koma gida ba. Annobar da ta fara a ƙarshen 2022 ta fi ƙamari a Kano, amma jaridu sun ruwaito ɓullarta a wasu sassan Jihar Kaduna, ciki har da ƙaramar hukumar Makarfi, kuma mafi yawan waɗanda ta kama yara ne da ba su kammala rigakafi ba.

Bayan ta kashe waya barci ya ƙaurace mini. Neman da na yi bai kai minti goma ba. Shafukan a buɗe suke ga kowa, ba a biyan ko kwabo. Wayarta ta fi tawa tsada, akwai data a ciki, tunda da ita ta kira ni. Ta fi ni sanin jikin ɗan Adam nesa ba kusa ba. Abin da kawai na fi ta shi ne na san ina ake zuwa, na kuma san yadda ake bambance maganar hukuma da maganar zaure. To, malamar asibitin da ba ta da yaya mai aikin laburare fa? Ita wa za ta kira?

Da na je gida bayan mako biyu na leƙa wajen aikinta. A cikin kabad, ƙarƙashin tarin rajista, akwai kwamfutar hannu da wata ƙungiya ta raba musu. An kai su otal a birni an yi musu bita ta kwana biyu, an nuna musu inda za su danna su tura alƙaluma, an ba su kuɗin mota, an sallame su. Na tambaye ta ko an taɓa nuna musu yadda za su nemo wani abu da ita. Ta yi dariya ta ce an ma gargaɗe su kada su taɓa komai in ban da manhajar da aka sa.

Wannan kabad ɗin ya bayyana mini yadda muka tsara al'amarin tun daga sama. Ma'aikacin lafiya a matakin farko yana cikin waɗanda suka fi kowa samar da bayanai a ƙasar nan. Akwai rajistar marasa lafiya, ta awon ciki, ta haihuwa, ta rigakafi, ta tsarin iyali. Ƙarshen kowane wata ya tattara su a fom, ya kai sakatariyar ƙaramar hukuma, a shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo da ke Turai take kula da ita, Najeriya kuma ta ɗauke ta a matsayin rumbun bayanan lafiyarta. Daga nan alƙaluman su wuce Kaduna, su wuce Abuja, su ƙetare teku, a yi taro a kansu a ɗakuna masu sanyi. Hanyar dai ɗaya ce, ta hawa. Abin da ke saukowa ƙauye shi ne takardar tuhuma idan fom ya makara. Gwamnatin jiha ta yi ƙoƙarin gyara asibiti guda a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 255, har jirage marasa matuƙa sun fara kai magani daga Pambegua a 2022, ni kuma ban raina ko ɗaya ba. Sai dai gini da na'ura ba sa amsa tambayar ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne idan na dubi kasuwa. Dillalin rake a Kudan ba ya loda mota sai ya ji farashin kudu a waya da safe. Mai tumatir a Ikara ya san ranar da kaya suka yi yawa a Legas, ya kuma san wanda zai yarda da maganarsa da wanda ke zuga shi. Babu wanda ya kai su otal ya yi musu bita. Buƙata ce ta koya musu, kuma kuskure a aljihunsu yake fita. Ita malamar asibiti kuskurenta a jikin ɗan wani yake fita, amma ita ce muka bari da zauren WhatsApp.

Da hutun ƙarshen zango ya zo, na ce bari in gwada abin da zan iya. Ƙanwata ta yi mini gayya, muka ari aji a wata makarantar firamare, muka sa ranar Asabar. Mutum goma sha ɗaya suka zo, wasu daga wajejen Gimi da Gubuchi, wasu daga Paki da Auchan, biyu daga ɓangaren Hunkuyi da Likoro, kowa da kuɗin mansa. Ni kuma na zo da halin malaman jami'a. Na ɗauko majigi da janareta, na shirya lacca kan PubMed, rumbun da Laburaren Likitanci na Ƙasar Amurka ya buɗe wa duniya kyauta a 1997, mai ɗauke da bayanan maƙalu fiye da miliyan 30. Na shirya bayani kan Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami mujallun likitanci kyauta ko da rangwame. Na yi awa guda ina zuba, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, su kuma suna gyaɗa kai cikin ladabi, irin gyaɗa kan da na sani sarai a wajen ɗalibai idan an bar su a baya.

Wani dattijo ne ya cece ni, jami'in lafiya da ya kusa ritaya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, Allah ya ƙara basira. Amma ni ga abin da ya kawo ni. Takardar da ke manne a bangon asibitina ta ce allurar atesunet miligiram 2.4 ce a kan kowane kilo. Yaron nan da aka turo mini ya ce na ƙananan yara 3 ne. Mun yi wata biyu muna musu. Ni ba na son in bi maganar yaro a kan ran ɗan mutane, ba na kuma son in bi takardar da ta tsufa. A ina aka rubuta?"

Na kashe majigi. Muka taru a kan wayarsa, shi ne mai dannawa, ni ina gefe. Muka nemo ƙa'idar maganin zazzaɓin cizon sauro ta Hukumar Lafiya ta Duniya, muka ga cewa a bugun 2015 an ƙara adadin zuwa miligiram 3 ga yaran da ba su kai kilo 20 ba, an bar 2.4 ga waɗanda suka fi haka. Takardar bangonsa ba ƙarya ta yi ba, tsufa ta yi, kuma babu kwanan wata a jikinta. Da ya nemi sanin dalilin da ya sa ma aka bar allurar kwinin da suka saba da ita, sai na ba shi labarin binciken da aka buga a 2010, wanda aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin a nan Najeriya: cikin waɗanda aka yi wa kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin waɗanda aka yi wa atesunet kashi 8.5. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce zai je ya ba yaron haƙuri. Na daɗe ban ga girma irin wannan ba.

Daga ranar na watsar da laccata. Kowace Asabar su ke kawo tambaya, mu bi ta tare. Abin da muka koya kaɗan ne, idan aka auna da manhajar jami'a. Mun saba da tambayar kowace takarda wa ya rubuta ta, yaushe, kuma ko akwai bugun da ya biyo bayanta. Mun koyi sauke littafi a ajiye a memori lokacin da sabis ke da ƙarfi, a sa masa sunan da za a gane, a iya neman kalma a cikinsa ba tare da bin shafi ɗari uku ba. Littafin ƙa'idojin aikinsu, wanda suke kira Standin Oda, shi ne madogararsu a doka, amma sai muka tarar ba bugu ɗaya ne a hannunsu ba, wasu ma hoton shafuka ne da aka tura musu babu bango.

Mun daɗe a kan saƙonnin da ake turawa, domin nan ne gizo ke saƙa. Mutanenmu ba su manta da daren watan Agustan 2014 ba, lokacin da aka tashi gari da kiran waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don tsira daga Ebola, har aka ruwaito an rasa rayuka. Amma ba a cewa a yi watsi da duk gargaɗi, don wani na gaske ne. A 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka gurɓata da guba, ya kashe yara 84 a ƙasar nan, Zariya kuma tana cikin garuruwan da abin ya shafa. Malamin asibitin da ya ji irin wannan gargaɗin da wuri zai ceci rai, wanda kuma ya yaɗa na ƙarya zai sa uwa ta ƙi magani mai kyau. Hukumar NAFDAC tana wallafa sanarwarta a shafinta da lamba da kwanan wata. Dubawa ba ta kai minti uku, amma cikin mutum goma sha ɗayan nan babu wanda ya taɓa buɗe shafin.

Wata Asabar ɗin ba ta yi daɗi ba. Na kawo maganar hotunan marasa lafiya da suke turawa a zaure don neman shawara, fuska a buɗe, wani lokaci har da katin da ke ɗauke da suna. Suka ce ai niyyar alheri ce. Na ce na yarda, amma hoton matar da aka ɗauka a ɗakin haihuwa yana iya kwana a wayar ɗan ƙanin mijinta, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 duk sun hana. Wata ta ce mini, da ɗan zafi, "Malam, ku da kuke da likita a ƙofar gida ne kuke wannan maganar." Ban da amsa mai gamsarwa, illa dai muka tsaya a kan a rufe fuska, a cire suna, a nemi izini, a kuma goge bayan an gama. Matasan cikinsu kuma sun fara tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Ban hana su ba, don hani ba zai yi aiki ba. Na dai sa mun tambayi ɗaya daga cikinsu ta faɗi inda ta samo maganarta, muka bi sawu, ɗaya daga cikin maƙalun da ta ambata ba mu same ta ko'ina ba. Wannan ya fi duk wa'azin da zan yi.

Ranar da na fi jin daɗi ita ce ranar da muka juya alƙalumansu suka fuskance su. Akwai lissafi mai sauƙi da masana rigakafi ke yi: a ɗauki yawan yaran da suka karɓi allurar Penta ta farko, ta mako shida, a cire waɗanda suka kai ta uku, ta mako goma sha huɗu, a ga kashi nawa suka zube a hanya. Idan ya haura goma cikin ɗari, akwai matsala. Allurar nan kuwa ita ce ke kare yaro daga mashaƙo. Wata malama ta zo da kwafin fom ɗinta na shekara guda, muka jera su a waya, ta ga da idonta watannin da yara ke zubewa. Ta yi shekaru tana aika waɗannan alƙaluman, ba ta taɓa karanta su a jere ba. Ita da kanta ta gano cewa ranar rigakafinta tana cin karo da ranar wata kasuwa da ke kwashe matan yankin, abin da babu wani masani a Abuja da zai gano mata.

Kada mai karatu ya ɗauka duk ilimin daga ƙasar waje yake zuwa. A watan Mayun 2023 aka buga sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. An gano cewa idan aka shimfiɗa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, aka kuma haɗa magungunan da matakan a yi su lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya, munanan sakamako suna raguwa da kashi 60 cikin ɗari. Daga Kano zuwa Tashar Yari tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce, amma ungozomomi biyun da ke ajinmu ba su ji labarin ba sai a bakina. Da muka karanta taƙaitaccen bayanin tare, ɗayarsu ce ta lura cewa a manyan asibitoci aka yi binciken, inda ake da likita da ma'aikata, ta ce dole a yi tunanin yadda zai yiwu ga mace ɗaya tilo da tocila a baki. Wannan lura ita ce ainihin abin da nake nufi da iya karatu, kuma ba ni na koya mata ba.

Yanzu bari in juyo kanmu, mu ma'aikatan laburare, don ba zan ɗora wa kowa laifi in tsallake gidanmu ba. Tun 1968 ake koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, mun yaye dubban mutane, amma har yau idan aka ce laburare, abin da ke zuwa zuciyar Bahaushe shi ne ɗaki mai ƙura da wani mutum a bakin ƙofa yana cewa a yi shiru. Mun zama masu gadin littafi. Muna jiran mai karatu ya zo, alhali wanda ya fi buƙatarmu ba shi da wanda zai bar wa asibiti. Wasu sun gane haka tun da daɗewa. A 1971 wata ma'aikaciyar laburare mai suna Gertrude Lamb, a Jami'ar Missouri da ke Kansas City a Amurka, ta fara tsarin da ma'aikacin laburare ke bin likitoci zagayen marasa lafiya, yana sauraron tambayoyin da suka taso, ya je ya nemo abin da aka rubuta ya kawo. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shuɗin akwatin ƙarfe, kamar adakar iyayenmu mata, mai ɗauke da zaɓaɓɓun littattafai kimanin 150, ana kai shi cibiyoyin lafiya na gundumomi a Afirka, a kuma horar da wanda zai kula da shi. Yau abin da ke cikin akwatin nan zai shiga memorin da bai kai farce ba. Zaɓen abin da za a zuba, da sabunta shi, da zama da mutum har hannunsa ya faɗa, su ne har yanzu sai ɗan Adam.

Na san abin da za a ce, don an faɗa mini a fuska. Asibitin da babu magani, babu wuta, babu ma'aikata, albashi bai isa ba, shi ne za a kai wa laburare? Maganar tana da nauyi, kuma ba na da'awar cewa iya bincike zai maye gurbin oksitosin ko motar ɗaukar mara lafiya. Amma tun 2014 ƙasar nan ta amince da manufar miƙa wa ma'aikatan lafiya na matakin farko wasu ayyukan da a da sai likita ko ungozoma, saboda ƙarancin likitoci. Wanda aka ƙara wa nauyi aka kuma bar shi shi kaɗai, shi ya fi kowa buƙatar sanin inda zai duba. Inda likitoci goma suke, wani zai gyara wa wani. A ƙauyen ƙanwata babu na biyu.

Kuma abin da nake nema ba gini ba ne. A Makarfi muna da kwalejin kimiyya da fasahar lafiya mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, kuma da wuya ka shiga asibitin ƙauye a wannan yanki ba ka tarar da wanda ya fito daga cikinta ba. Laburaren irin wannan makaranta bai kamata dangantakarsa da ɗalibi ta yanke ranar yaye shi ba. Ma'aikatan lafiya suna haɗuwa a sakatariya duk wata don miƙa fom. Da za a ware awa ɗaya a wannan zaman, ma'aikacin laburare ya zo da sababbin ƙa'idoji a memori, ya karɓi tambayoyi, ya bar lambar da za a same shi, da kuɗin bita ɗaya ta otal ya ɗauki nauyin shekara guda a Ikara da Makarfi da Kudan gaba ɗaya. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ina faɗa wa ɗalibaina shi da kakkausar murya: ma'aikacin laburare ba ya rubuta magani. Ya kawo takarda, ya nuna wanda ya rubuta ta da ranar da aka rubuta, ya taimaka da Turancin, ya ja bakinsa ya yi shiru. Ranar da ya fara jin daɗin kiran "Dakta" har ya ba da shawarar allura, ya zama haɗari fiye da zauren WhatsApp.

Ajinmu na Asabar bai ɗore ba. Hutu ya ƙare, na koma bakin aiki, kuɗin mai ya ninka, mutum goma sha ɗaya suka koma shida, sannan huɗu. Abin da mutum ɗaya ya ɗauka don ganin dama haka yake ƙarewa, shi ya sa nake rubuta wannan maimakon in sake aron aji. Dattijon ya yi ritaya. An gaya mini kafin ya tafi ya bi duk takardun da ke bangon asibitinsa ya rubuta wa kowace shekararta da jan biro, waɗanda bai gano shekararsu ba ya cire su.

Ƙanwata ta sake kira na da dare a watan jiya, gabana ya sake faɗuwa. Ashe wata takarda ce da na tura mata kwanakin baya.

"Yaya, wannan da ka turo tsohon bugu ne," in ji ta. "Akwai sabo, na sauke. In turo maka?"

Na ce ta turo. Mahaifiyata, da na ba ta labari, cewa ta yi to yanzu daktan ba ya allura, karatun ma an fara fin sa, sannan ta miƙo mini wani kwalin magani ta ce in duba mata ranar lalacewarsa, don idonta ba ya ganin ƙananan rubutu.